Zaɓen Sandar Fatsa Mai Keke Domin Kifi Mai Wayo

Wannan bayani domin mutanen Yasore ne da na ƙauyukan da ke kewaye, a ƙasar Batsari da Safana, musamman samarin da suke niyyar sayen sandar fatsa irin ta kanti, wadda ake ɗaura mata keken naɗe zare. A 'yan shekarun nan ana ƙara ganin irin wannan sanda a hannun waɗanda suka dawo daga cin rani a kudu, waɗansu kuma a waya suke ganinta su aika a sayo musu daga Kano. Kuɗinta ba kaɗan ba ne ga manomi. Da yawa kuwa sukan sayi wadda ba ta dace da ruwanmu ba, su gwada sau biyu ko uku, su jingine ta a bayan rumbu, su ce kayan Bature ba ya kama kifin Hausa. Ba haka zancen yake ba. Sanda iri iri ce, kowace da aikin da aka yi ta dominsa, kamar yadda hauya daban, garma daban, magirbi kuma daban.

Ruwan da muke da shi

Mu fara duban ruwan tukuna. Ƙasarmu ba ƙasar babban gulbi ba ce kamar Argungu ko Yawuri. Abin da muke da shi shi ne ƙoramu masu gudu da damina su ƙafe da rani, da tafkuna, da kududdufai inda aka haƙi ƙasar gini ko ta hanya, da 'yan ƙananan madatsu. Manyan ruwaye suna da 'yar tazara, watau madatsar Zobe kusa da Dutsin-Ma a kan kogin Karaduwa, wadda aka gama a 1983, da ta Jibiya a kan kogin Gada, wadda aka gama a 1989. Kowa kuma ya san halin da gefen dajin Rugu ya shiga saboda ɓarayin daji. Akwai ruwayen da iyayenmu suka yi su a cikinsu waɗanda mutum ba zai kai kansa can ba sai ya yi tambaya da kyau. Saboda haka jama'a sun taru a kan 'yan ruwayen da ke kusa da gida.

Ruwa kaɗan, masu nema da yawa, to, me zai faru? Da damina, sa'ad da ruwa ya yi ja da laka, tarwaɗa takan haɗiye kusan kome, ko da igiyar ta kai kaurin tsinken tsintsiya. Amma in ruwan sama ya ɗauke, daga watan Oktoba zuwa gaba, laka takan kwanta, ruwan ya sauka, ya ɗan yi haske. Kifin da ya rage shi ne wanda ya tsere wa koma da taru da ƙugiyoyin yara. Ya ga abin duniya. Magabata sun ce kifi na ganinka mai jar koma, gaskiya kuwa suka faɗa. Karfasa za ta zo ta ɗanɗani tana, in ta ji nauyin dalma ko taurin igiya sai ta tofar ta wuce, mai fatsa yana zaune bai ma san an taɓa ba. Manyan kuma sukan koma can tsakiya inda sandar kara ba ta kaiwa.

Maganin wannan shi ne abin da za mu kira fatsar lallashi, watau ƙaramar ƙugiya, da siririn zare, da ɗan nauyi kaɗan, a jefa a hankali, a jira da kunne a hannu. Masu kamun kifi na Japan da na Amurka sun daɗe da shiga irin wannan matsala, gama tafkunansu sun cika da masu fatsa har kifi ya yi wayo, su ne suka gyara dabarar suka kuma ƙera sanduna musamman dominta. Kifinsu ba irin namu ba ne, amma wayon ɗaya ne.

Dalilin keken

Wani zai ce, ai sai a ɗaura siririn zare a sandar gora a huta. Ana yi, yana kuwa kamawa, za mu komo kan wannan. Amma sandar gora ba ta kai abinci nesa fiye da tsawonta da na zarenta. In kana so ka kai tana guda da ɗan nauyin da bai fi dunƙulen Maggi ba, watau giram 4, har taki ashirin cikin ruwa, sai da keke.

Keken da muke nufi shi ne wanda yake rataye a ƙarƙashin sanda. Yana da kwarkwaro kamar na masaƙa, amma kwarkwaron ba ya juyawa a lokacin jifa, yana tsaye ne fuskarsa na duban kan sanda. In ka buɗe ɗan bakan wayar da ke kansa ka yi jifa, zaren yakan zame ta bakin kwarkwaron da kansa, ba abin da yake riƙe shi. Shi ya sa ko abu marar nauyi yana iya jan zaren ya tafi da shi. Wani Bature mai masaƙar ulu a Ingila, Alfred Illingworth, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1905. Ba abin mamaki ba ne da ya zama mai masaƙa ne, gama duk wanda ya taɓa kallon zare yana warwarewa daga kwarkwaro ya ga asalin abin. Keken ya bazu a duniya bayan yaƙin duniya na biyu, sa'ad da zaren nailan ya samu, kamfanin Mitchell na Faransa kuma ya fitar da nasa a 1948.

Akwai wani keken daban wanda yake zama a bisa sanda, kwarkwaronsa yana juyawa a kwance. Sandarsa tana da ɗan ƙaho a ƙarƙashin mariƙi inda ake maƙala yatsa, zobbanta kuma ƙanana ne duka. Kada a sayi wannan. Ba ya jefa abu marar nauyi, a hannun sabon shiga kuma zaren yakan cukurkuɗe kamar sheƙar tsuntsu. Sandar da muke nema ba ta da ƙaho, zobenta na farko daga wajen mariƙi babba ne, yana tsaye a kan doguwar ƙafa, sauran suna ta ƙanƙancewa har zuwa kai.

Abin da aka rubuta a jikin sanda

Kowace sandar kirki tana da rubutu a jikinta, gaba kaɗan da mariƙi. Mai sayarwa sau da yawa bai san ma'anarsa ba, zai ce maka duka masu kyau ne. Kai ka karanta, ko ka tafi da mai karatu.

Abu na farko shi ne ƙarfin sanda, watau yawan nauyin da yake lanƙwasa ta. Ana nuna shi da haruffa. UL ita ce mafi laushi duka, L tana bi mata, sa'an nan ML, sa'an nan M, sa'an nan MH da H masu tauri. In da karfasa kaɗai ce a ruwanmu, da sai mu ce a sayi L, ko ma UL, gama da su ake jin ko ɗan motsin bakin kifi. Amma ba wanda ya isa ya hana tarwaɗa cin tanar da aka jefa wa karfasa. Tarwaɗa mai kilo biyu in ta ji ƙugiya sai ta nufi saiwa ko ciyawa, sandar UL kuwa ba ta da ƙashin bayan da za ta juyo da kanta. A ɗaya gefen, sandar M ko MH ba ta lanƙwasa da nauyin giram uku ko huɗu, saboda haka ba ta jefa shi ko'ina, in kuma ka fizga da ita sai siririn zaren ya tsinke. A ganinmu ML ita ce ta mutumin Yasore. Wanda yawancin fatsarsa a ƙaramin kududdufi ce yana iya sauka zuwa L.

Kusa da haruffan za ka ga lambobi kashi biyu. Na farko nauyin abin jifa ne. In an rubuta 2 zuwa 10 g, ko 3 zuwa 12 g, ta yi daidai. Waɗansu sukan rubuta da awon Ingilishi, kamar 1/16 zuwa 3/8 oz, wannan shi ne wajen giram 2 zuwa 10 da ɗoriya, gama oz ɗaya giram 28 ne. Na biyu ƙarfin zaren da ya dace da ita, kamar 4 zuwa 10 lb, watau zaren da yake tsinkewa a nauyin kilo 2 zuwa 4 da rabi. In ka ga an rubuta 50 zuwa 100 g, ko fiye, ajiye ta ko da araha ce. Wannan ta bakin teku ce. Irinta ce samari suka fi kawowa daga Legas, doguwa, ƙafa goma sha biyu, mai ban sha'awa a ido, amma a tafkinmu daidai take da mai ɗaukar gatari ya je yankan farce.

Abu na biyu, wanda mutane suka fi ruɗewa a kansa, shi ne inda sandar take lanƙwasa. Sanduna biyu suna iya zama da ƙarfi ɗaya, amma ɗaya ta lanƙwasa a kai kawai, ɗaya kuwa ta tanƙwaru tun daga tsakiya kamar baka. Wadda take lanƙwasa a kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na sama, sauran jikin yana miƙe, ita ake rubuta wa Fast. Wadda take kaiwa rabi ita ce Moderate, wadda take tanƙwaruwa har mariƙi kuma Slow.

Ga dalilin da ya sa wannan yake da muhimmanci. Sa'ad da karfasa ta tsotsi tana, ɗan motsin yana bin zare ya hau kan sanda ya gangaro zuwa hannunka. In jikin sandar duka laushi ne, sai ta shanye motsin a hanya kamar yadda katifa take shanye tsalle, bai iso hannunka ba. In kan ne kawai mai laushi, sai ka ga kan ya ɗan rusuna, ka kuma ji a tafin hannu, ɗan ɗaga hannu kaɗan kuma ya isa ya kafa ƙugiya kafin kifin ya tofar. Saboda haka masu fatsar lallashi suka fi son mai lanƙwasa a kai. Amma akwai abin lura. Tana da gara da ƙullin dusa abubuwa ne masu taushi, sanda mai tsananin saurin miƙewa takan fizge su daga ƙugiya a lokacin jifa, ƙugiya ta tafi gabas tana ta tafi yamma. Leɓen karfasa kuma ba shi da kauri, yakan yage. Shi ya sa ba mu ba da shawarar Extra Fast ba, wadda aka yi domin tanar roba. A nemi Fast ko Moderate Fast.

In babu rubutun, ko kana shakkarsa, gwada da kanka. Haɗa sandar, ka sa abokinka ya tokare kanta da tafin hannunsa, kai kuma ka ɗaga mariƙin a hankali ka duba inda ta karkata. Kada ka kaɗa ta a iska kamar bulala ka ce ka gwada, wannan ba ya nuna kome. Sa'an nan ka ja kanta a hankali a bisa tabarmar kaba, idonka a rufe. Sanda mai ji za ta gaya wa hannunka kowane layin saƙa.

Tsawo ba shi da wuyar sha'ani. Ƙafa shida da rabi zuwa bakwai, watau mita 2 zuwa 2.1, ya isa. Doguwa ta fi kai jifa nesa, gajera ta fi daɗin sarrafawa a ƙarƙashin itatuwa. Wanda yake da halin zuwa Zobe ko Jibiya ya ɗauki mai ƙafa bakwai.

Faiba ko kabon

Yanzu mun zo inda shawararmu ta rabu da abin da za ka ji a bakin masu nuna kaya a waya. Da abu biyu ake yin sanda a zamanin nan. Na ɗaya zaren gilashi ne da aka haɗa da ƙaro, wanda ake kira faiba, an fara yin sanda da shi a Amurka a ƙarshen shekarun 1940. Na biyu zaren kabon ne, wanda kamfanin Fenwick ya fitar da sandarsa a 1973, ana rubuta Carbon ko Graphite a jikinta. Kabon ya fi sauƙin nauyi, ya kuma fi kai motsin kifi zuwa hannu, ba gardama. Masana fatsar lallashi duk shi suke yabo.

Amma kabon gaggautsa ne. In ya bugu da dutse ko ƙarfen babur, yakan yi 'yar tsaga da ido ba ya gani, ranar da ka kama kifin kirki sai ka ji ƙas, ta karye a nan. Mu tuna yadda sanda za ta yi rayuwa a gidanmu. Za a ɗaure ta a bayan babur ko keke, za a jingine ta a zaure inda awaki suke wucewa, ƙane zai ɗauka ba da izini ba. In ta karye kuma babu inda za a kai ta gyara a Batsari, babu kuma wanda zai mayar maka da kuɗinka. Faiba ta fi nauyi, ba ta kai kabon ji ba, amma tana jure wulaƙanci. Akwai kuma waɗanda aka gauraya biyun, irin Ugly Stik da ta fito a 1976, masu kai na faiba zalla, da ire-irenta da yawa da ake yi a Sin, musamman a birnin Weihai inda masana'antun sandar fatsa suka taru. Ga mai sayen sandarsa ta farko, gaurayen ko faiba muke zaɓa masa. Rashin jin da ta yi, yatsa yana iya cike shi: bayan ka yi jifa, ka ɗora ɗan alinka a kan zaren gaba da keke, za ka ji abin da sandar ta ɓoye.

Wani abu kuma game da kabon, yana ɗaukar wutar lantarki. Kada a ɗaga shi kusa da wayar wuta, in hadari ya taso da walƙiya kuma a kwantar da sanda a ƙasa a bar bakin ruwa, ko wace iri ce.

Sanda mai zugewa, wadda take shigewa cikin kanta kamar eriyar rediyo, ita ta fi yawa a kasuwa, ita ta fi araha, tana kuma shiga jaka. Araha ba ta ado. Gaɓoɓinta da yawa suna kashe ji, yashi yana shiga tsakaninsu ya cinye su, zobbanta suna juyewa kowanne ya dubi gabansa. Mai gaɓa biyu, wadda ake cusa rabi cikin rabi, ta fi ta nesa ba kusa ba, ba ta kuma da wuyar ɗauka a babur.

Kafin ka biya

Ka tafi kasuwa da ɗan ƙullin auduga a aljihu. Zura shi cikin kowane zobe ka juya. In zoben yana da tsaga, audugar za ta maƙale, zoben da ya kama auduga kuwa zai yanke siririn zare. Ƙirga zobban, sanda mai ƙafa bakwai ta kirki tana da wajen bakwai ko takwas har da na kai, in huɗu ne ko biyar an yi rowa. Haɗa ta ka leƙa ta tsawonta kamar mai duban ko azara ta miƙe, zobban su kasance a layi ɗaya. Mahaɗar ta kama gam ba girgiza. Ɗaura keken a mazauninsa ka murɗa, in yana motsi a ciki ka bar ta. Daga nan ka ɗora sandar da kekenta a kan yatsa ɗaya gaba kaɗan da keken. In kan ya rinjaya ƙasa da ƙarfi, wuyan hannunka zai gaji kafin azahar.

Keken da ya dace da wannan sanda shi ne mai lamba 2000 ko 2500. Babba ya yi mata nauyi. Zare kuma nailan mai kaurin milimita 0.20 zuwa 0.25, fari mai haske kamar ruwa. Akwai zaren kitso mai tsada, da wani mai suna fulorokabon da aka fara yi a Japan a 1971 wanda kifi ba ya saurin gani, amma nailan ya ishe mu. A cika kwarkwaro har ya rage kamar kaurin tsinken ashana daga baki. In bai cika ba jifa ba ta nisa, in ya cika fiye da kima sai zaren ya zubo a dunƙule.

A gaban kwarkwaro akwai wani maɓalli da ake murɗawa, shi ne birki. Shi ne sirrin kama babban kifi da siririn zare, yawancin masu sanda kuwa sukan ɗaure shi tamau domin suna tsammani sakinsa lalacewa ce. Aikinsa shi ne ya saki zare in kifi ya ja da ƙarfi, kafin zaren ya kai ga tsinkewa. Ana saita shi a kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren. Ga hanya mai sauƙi ga mai zare na 6 lb. Ledar ruwan sha ɗaya rabin kilo ce. Ɗaura leda ɗaya a zaren kai tsaye daga keke, ba ta cikin zobba ba, ka ɗaga, birki ya riƙe. Ƙara ta biyu, birki ya saki a hankali. In kifi yana jan zare birki yana kuka, kada ka juya hannun keke, gama kowane juyi yana murɗe zaren. Riƙe sandar a karkace ka bar ta ta gajiyar da shi. Kada kuma ka ɗaga kifi sama da sanda, jawo shi bakin gaɓa ka sa hannu ko ƙwarya, ka kuma lura da ƙayar tarwaɗa da ta kurungu.

Yadda ake ɗaura ƙugiya

Lambar ƙugiya a juye take, babbar lamba ita ce ƙaramar ƙugiya. Domin karfasa a nemi lamba 8 zuwa 12, domin tarwaɗa lamba 4 zuwa 1. Ɗauri biyu sun ishe mu. Na farko shi ne wanda muka saba, ƙugiya a ƙarshe, ɗan nauyi taƙi ɗaya sama da ita, da totuwar kara a matsayin abin yawo a bisa ruwa. Na biyu shi ne wanda ya yi suna a Japan a shekarun 1990, ya kuwa dace da tafkunanmu masu taɓo. Ana sa nauyin a can ƙarshen zare, a ɗaura ƙugiyar kamu ɗaya sama da shi. Nauyin ya zauna a ƙasa, tana kuma tana lilo a sarari bisa taɓon inda kifi zai gan ta, sa'ad da ya tsotsa kuma ba ya jin nauyin kome, gama nauyin yana ƙarƙashinsa. A nan ne kan sanda mai laushi yake biyan kuɗinsa: ka ɗan girgiza shi kaɗan, tana ta yi rawa a wuri ɗaya.

Tanar roba da ƙananan kifayen roba da ake haɗawa a kwalin sanda, kifin Amurka aka yi wa su. Suna iya ruɗin masu farauta irin su tsage da giwan ruwa inda akwai su, amma karfasa da tarwaɗa sun fi amsa tana ta gaske, da gara, da shinge, da fara.

Game da nauyi, muna roƙo kada a narka dalmar tsohon batir a gida, kada kuma a matse dalma da haƙori. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga abin da gubar dalma take yi a 2010, sa'ad da yara ɗaruruwa suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ƙaramin noti daga wurin mai gyaran babur yana yin aikin sarai.

Wa ya kamata ya saya

Sanda mai keke ba za ta mai da kowa masunci ba. Mai taru zai fi ka kamu kullum. Abin da za ta yi shi ne ta sa kifi a tukunyar miya sau biyu ko uku a mako a watannin da ruwa ya sauka, a gidan da nama sai ranar salla ko suna, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga yara da mata masu ciki. In sayenta zai taɓa kuɗin taki ko na iri, a dakata. A sari gora siririya, ko reshen dargaza ko geza miƙaƙƙe, a busar a inuwa, a ɗaura mata zare na 0.20 da ƙugiya lamba 10. Rabin amfanin fatsar lallashi a zaren da ƙugiyar yake, kuɗinsu kuwa kaɗan ne. Samari uku ko huɗu kuma suna iya haɗa kuɗi su sayi sanda ɗaya ta kirki maimakon kowa ya sayi mai zugewa.

Akwai wata riba da ba a cika lissafawa ba. Mai sanda a tudu yake tsayawa. Tsargiya, watau fitsarin jini, daga ruwan kwance ake ɗaukarta, ƙwayoyinta suna fitowa daga jikin ƙananan katantanwa su huda fatar wanda ya shiga ruwan, sun kuma fi yawa da tsakar rana. Yaron da yake wuni cikin kududdufi yana lalube shi ya fi kamuwa. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya je asibiti, akwai magani, ana kiransa praziquantel.

Ruwa kuma yana da masu shi. A nemi izinin mai unguwa ko Sarkin Ruwa inda akwai shi, a madatsun gwamnati kuma a tambayi ka'idar wurin. Dokar kamun kifi ta ƙasa ta 1992 ta hana zuba guba, da nakiya, da wutar lantarki a ruwa, wanda ya zuba maganin ƙwari a tafki kuwa ya kashe na bana da na baɗi, ya kuma sa wa dabbobin gari guba a mashayarsu. Ƙaramar ƙugiya takan kama 'yan ƙanana da yawa. Wanda bai kai faɗin yatsa uku ba a jiƙa hannu a cire shi a mayar, haka kuma karfasar da aka tarar da ƙwai cike da bakinta, gama a baki take renon 'ya'yanta.

In an dawo gida a goge sanda da tsumma mai laima, a raba gaɓoɓinta, a sa ta cikin ƙafar tsohon wando a rataye a ɗaka. Rana tana cin nailan, saboda haka a sake zare kowace shekara, a kuma yanke kamu biyu na ƙarshe duk sa'ad da ya yi kaushi a yatsa. A sassauta birki kafin ajiya. Da hunturu ƙura takan shiga keke, sai a ɗaure shi cikin leda, a riƙa ɗiga masa man keken ɗinki a hannunsa da gindin bakan wayar. In kan sanda ya karye da ɗan inci ɗaya ko biyu kada a yar da ita. A ɗumama zoben kan da ashana a zare shi daga guntun, a kankare sabon kan kaɗan, a manna zoben da gam. Za ta ɗan ƙara tauri, sai a riƙa ƙara mata nauyin jifa da giram ɗaya ko biyu.